Sassauci Wajen Karɓa, Ɓarna Wajen Aiki: Tarken Ƙa'idar HTTP/1.1 ta Fuskar Fasa-Ƙwaurin Buƙata

1.0 GABATARWA

Manufar wannan takarda ita ce yin tarken kundin ƙa'idojin HTTP/1.1, watau dokokin da kwamfutoci suke bi wajen neman shafi da bayar da shi a intanet, ta fuskar wata ɓaraka guda wadda ta ƙi toshewa. Wannan ɓaraka ita ce masana tsaron kwamfuta suka yi wa laƙabi da fasa-ƙwaurin buƙata. An fara bayyana ta a fili cikin shekarar 2005, a wata maƙala da Chaim Linhart da Amit Klein da Ronen Heled da Steve Orrin suka rubuta a ƙarƙashin kamfanin Watchfire. Daga nan maganarta ta lafa, sai jefi-jefi, har zuwa watan Agusta na 2019, lokacin da James Kettle na kamfanin PortSwigger da ke Ingila ya sake tono ta a taron Black Hat na Amurka, ya nuna cewa tana nan da ranta a manyan shafuka, har da shafin shiga na PayPal. Daga 2019 zuwa 2025 kuwa babu shekarar da ta wuce ba a sami irinta a wata sananniyar manhaja ba.

Abin da aka saba shi ne, duk sa'ad da aka gano ɓarakar a wata manhaja, sai a ba ta lamba, a ɗora laifin a kan waɗanda suka rubuta manhajar, a yi faci, a wuce. Ra'ayin da wannan takarda take son kafawa shi ne, yin haka kaɗai tamkar barin jaki ne ana dukan taiki. Cutar da ta yi shekara 20 tana bayyana a manhajoji dabam-dabam, waɗanda mutane dabam-dabam suka rubuta da harsunan kwamfuta dabam-dabam, lalle tushenta yana cikin abin da suka yi tarayya a kansa, watau nassin ƙa'idar da duk suke karantawa, da kuma aƙidar sassauci da aka gina nassin a kanta. Za mu fara duba ƙirar saƙon, sa'an nan yadda ake fasa-ƙwaurin, sa'an nan mu feɗe nassin, mu kawo misalai, mu kuma saurari hujjojin masu kare sassauci.

2.0 ƘIRAR SAƘO DA MATSALAR IYAKA

Idan mutum ya nemi shafi, burauzarsa takan aika wa manhajar da ke ba da shafukan, wadda ake ce wa sabar, wani saƙo da ake kira buƙata. A tsarin HTTP/1.1 wannan saƙo rubutu ne zube wanda ido zai iya karantawa, kuma kashi uku ne. Kashi na farko layi ɗaya ne mai faɗin aikin da ake so da adireshin shafin. Kashi na biyu shi ne kanu, watau jerin layuka waɗanda kowannensu yake ɗauke da suna, da ruwa biyu, da ƙima. Bayan kanu sai layi wanda babu komai a cikinsa, sa'an nan kashi na uku, gangar jiki, inda ake zuba abin da mutum ya cika a fom ko fayil ɗin da ya ɗora. Kowane layi yana ƙarewa da alamomi biyu a jere, masu lamba 13 da 10 a tsarin ASCII, waɗanda gadon tafireta ne: ta farko tana nufin komawa bakin layi, ta biyu tana nufin sauka zuwa layi na gaba. A nan za mu kira su alamar komawa da alamar sauka.

A ƙa'idar HTTP/1.0, wadda aka buga a matsayin RFC 1945 cikin 1996, galibi buƙata ɗaya ake aikawa a hanyar sadarwa ɗaya, a sami amsa, a rufe hanyar. Wannan tsari yana da ɓata lokaci, saboda haka HTTP/1.1, wadda ta fara fitowa a RFC 2068 cikin Janairu 1997, ta sa hanyar ta zauna a buɗe, buƙatu su riƙa bin juna a cikinta kamar ayarin raƙuma. Daga nan ne tambaya ta taso: a ina wannan buƙata ta ƙare, a ina ta gaba ta soma? Babu wata alama ta musamman da ke tsakaninsu. Iyakar tana cikin abin da saƙon ya faɗa game da kansa.

Ƙa'idar ta tanadi hanya biyu na faɗin wannan iyaka. Ta farko ita ce layin kanu mai suna Content-Length, wanda za mu kira kanun tsawo. Shi yana faɗin yawan bait ɗin da ke cikin gangar jiki, mai karɓa ya ƙirga su ya tsaya. Ta biyu ita ce layin kanu mai suna Transfer-Encoding, wanda za mu kira kanun gunduwa. Shi yana nuna cewa gangar jikin za ta zo gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa da tsawonta a rubuce a gabanta, kuma gunduwa mai tsawon 0 ita ce ta ƙarshe.

Abu na ƙarshe da ya kamata a sani shi ne, manyan shafuka ba sa barin baƙo ya isa ga sabar kai tsaye. Akan ajiye wata na'ura a gaba, kamar sarkin ƙofa, tana karɓar buƙatu, tana tace su, tana raba su, wani lokaci tana ajiye amsoshi a rumbu don ta ba wanda ya sake tambaya. Wannan na'urar gaba takan tattara buƙatun mutane da yawa ta cusa su cikin 'yan hanyoyi kaɗan da ta buɗe zuwa na'urar baya. Ke nan saƙo ɗaya masu karatu biyu ne suke karanta shi, kuma buƙatar wani tana bin ta wani a hanya ɗaya.

3.0 YADDA AKE FASA-ƘWAURIN

Masu nazarin ƙa'idojin rubutun Hausa sun san abin da tazara guda take yi wa ma'ana: "a kan" dabam, "akan" dabam, haka nan "ta fi" da "tafi". Idan masu karatu biyu suka saɓa a kan inda kalma ta yanke, to, sun saɓa a kan abin da aka faɗa. Fasa-ƙwaurin buƙata wannan saɓani ne, amma tsakanin na'urori, kuma akwai wanda ya shirya shi da gangan.

Alal misali, a ce mai mugun nufi ya aiko da buƙata mai ɗauke da kanun tsawo da kanun gunduwa duka biyu. Kanun tsawo ya ce bait 6 ne. Gangar jikin kuwa ita ce lambar 0, da alamar komawa da ta sauka sau biyu, watau bait 5, sa'an nan harafin G, cikon na 6. Na'urar gaba, wadda ta dogara da kanun tsawo, za ta ga buƙata ɗaya mai bait 6, ta wuce da ita. Na'urar baya, wadda ta dogara da kanun gunduwa, za ta ga gunduwa mai tsawon 0, ta ce saƙo ya ƙare a bait na 5. Harafin G zai yi saura a bakin hanya. Duk mutumin da buƙatarsa ta biyo baya, wannan harafi zai manne mata a goshi, kalmar POST da ta soma da ita ta koma GPOST, a mayar masa da amsar kuskure. Da irin wannan misali ne Kettle ya yi bayani a 2019.

Harafi ɗaya ba ya wata ɓarna mai yawa. Amma wanda ya iya barin harafi ɗaya ya iya barin farkon wata buƙata sukutum, kuma daga nan ɓarnar takan ɗauki fuska uku. Ta farko, ƙetare shinge: na'urar gaba ta hana baƙi shiga shafin masu gudanarwa, amma ba ta ga buƙatar da aka ɓoye a cikin gangar jiki ba, ita kuwa na'urar baya ta ɗauka duk abin da ya iso gare ta an riga an tace shi. Ta biyu, satar sirrin wani: buƙatar mutumin da ya biyo baya, tare da shaidar shigarsa, sai ta zama cikon gangar jikin buƙatar ɓarawo, a ajiye ta inda ɓarawon zai je ya karanta. Ta uku, sa wa rumbu guba: tun da lissafin buƙatu da amsoshi ya goce, na'urar gaba za ta iya ajiye mugunyar amsa a ƙarƙashin adireshin shafi na kirki, ta yi ta raba wa jama'a.

Abin lura a nan shi ne, idan aka gwada kowace na'ura ita kaɗai, mai yiwuwa ba za a ga aibunta ba. Aibun yana tsakaninsu ne. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga, kuma tsagar a nan ita ce fassara biyu ga saƙo ɗaya.

4.0 FEƊE NASSI

4.1 Aƙidar sassauci

A watan Janairu na 1980, Jon Postel na Jami'ar Kudancin Kalifoniya ya sa wata shawara cikin RFC 760 da RFC 761, aka maimaita ta a RFC 793 cikin 1981, aka kuma faɗaɗa ta a RFC 1122 cikin 1989. Gundarin shawarar shi ne mai aikawa ya tsananta wa kansa bin ƙa'ida, mai karɓa kuwa ya yi haƙuri da kurakuran wasu. A zamaninta shawara ce mai hikima. Masu amfani da hanyar sadarwar 'yan kaɗan ne, galibi jami'o'i da cibiyoyin bincike, ƙa'idojin sababbi ne, kuma kuskuren da ake gani na rashin fahimta ne. Rashin jituwar na'urori shi ne abin tsoro a lokacin.

Inda shawarar ta gaza shi ne ba ta faɗi yadda za a yi haƙurin ba. Bin ƙa'ida hanya ɗaya ce, amma gyara kuskuren wani hanyoyi ne barkatai. Idan aka ce wa mutum goma su karɓi gurɓataccen saƙo su cinci abin da mai shi yake nufi, kowa da irin cintarsa. Muddin mai aikawa yana da kyakkyawar niyya, wannan bambanci ba ya cutarwa sosai. Ranar da mai aikawa ya zama maƙiyi, bambancin ya zama makaminsa.

4.2 Nassin 1999

RFC 2616 na watan Yuni 1999 shi ne kundin da aka yi shekara 15 ana aiki da shi, kuma a zamaninsa aka rubuta yawancin manhajojin da suka yi suna. Kundin yana amfani da kalmomin hukunci da RFC 2119 na 1997 ya tsara, waɗanda suka kasu zuwa wajibi, da abin da aka fi so, da ganin dama. A sashe na 4.4 ya hana mai aikawa haɗa kanun tsawo da kanun gunduwa a saƙo ɗaya. Amma da ya zo kan mai karɓa, sai ya wajabta masa ya yi watsi da kanun tsawo ya yi aiki da na gunduwa. Watau saƙon da aka haramta aikawa an wajabta karɓarsa. Marubutan sun zaci sun kashe saɓani da wannan hukunci, alhali sun mayar da shi wani wuri ne kawai: yanzu tambayar ita ce ko wannan layi kanun gunduwa ne ko ba shi ba ne. Ɓarawo ba ya bukatar komai sai ya ɗan lanƙwasa layin, ya ƙara tazara, ko ya sauya harafi, ko ya maimaita shi, ta yadda na'ura ɗaya za ta gane shi, ɗayar ba za ta gane ba.

Har wa yau kundin bai faɗi abin da mai karɓa zai yi ba idan kanun tsawo ya zo sau biyu da lambobi mabambanta. Wasu manhajoji suka ɗauki na farko, wasu suka ɗauki na ƙarshe, kuma wannan na cikin dabarun da maƙalar 2005 ta nuna. Bugu da ƙari, a sashe na 19.3 kundin ya shawarci manhajoji su yi haƙuri da karkatattun saƙonni, har ya ba da shawarar a karɓi alamar sauka ita kaɗai a matsayin ƙarshen layi. Ke nan sassaucin ba sakacin masu rubuta manhaja ba ne kaɗai. Umurnin nassi suka bi.

4.3 Nassin 2014 da na 2022

Dole a yaba wa RFC 7230 na Yuni 2014, wanda Roy Fielding da Julian Reschke suka tace. Ya ambaci fasa-ƙwaurin buƙata da sunansa a sashe na 9.5. Ya wajabta ƙin duk buƙatar da ta sa tazara tsakanin sunan kanu da ruwa biyu, a mayar da amsa mai lamba 400. Ya wajabta ƙin kanun tsawo biyu masu saɓani. Ya kuma soke tsohuwar al'adar naɗe layin kanu zuwa layi na gaba. Amma a kan babbar mas'ala, watau haɗuwar kanun tsawo da na gunduwa, sai alƙalaminsa ya yi sanyi. Ya yarda cewa irin wannan saƙo yana iya zama alamar fasa-ƙwauri, ya ce ya dace a ɗauke shi a matsayin kuskure, amma kalmar da ya yi amfani da ita ba ta cikin kalmomin hukunci na RFC 2119. Nasiha ce, wanda ya ƙi bin ta bai karya doka ba.

RFC 9112 na Yuni 2022 ya ƙara taku ɗaya: ya wajabta rufe hanyar sadarwa bayan amsa irin wannan buƙata, domin kada saura ya manne wa na baya. Wannan gyara ne mai amfani. Duk da haka ƙin buƙatar ya bar shi a ganin dama, haka nan karɓar alamar sauka ita kaɗai a ƙarshen layin kanu. Shekara 17 ke nan bayan maƙalar Watchfire. Duk inda nassi ya ce ganin dama ne, to, ya halatta wa na'urori biyu masu bin doka su saɓa, kuma a mas'alar iyakar saƙo saɓani shi ne cutar kanta.

5.0 MISALAI HUƊU

Misali na farko shi ne na harshen Go, mai lamba CVE-2019-16276, wanda aka yi wa faci cikin Satumba 2019 a fitowa ta 1.12.10 da ta 1.13.1. Manhajar Go takan karɓi layin kanu mai tazara kafin ruwa biyu, ta share tazarar, ta yi aiki da shi. Na'urar gaba wadda ba ta gane layin ba sai ta wuce da shi a matsayin baƙon kanu marar amfani. Wannan ya faru shekara 5 bayan RFC 7230 ya haramta karɓar irin wannan layi, abin da ke nuna cewa ɗabi'ar da nassi ya shuka ba ta mutuwa ranar da aka sauya nassin.

Misali na biyu shi ne na Apache Tomcat, mai lamba CVE-2022-42252, na shekarar 2022. Tomcat yana da wani maɓalli wanda ke zaɓar ko a ƙi buƙata mai gurɓataccen kanu, ko a yi watsi da layin kawai a ci gaba. A jerin 8.5 watsi da layin shi ne zaɓin da manhajar take zuwa da shi. Saboda haka idan kanun tsawo ya zo a gurɓace, Tomcat yakan yi kamar bai gan shi ba, ya ɗauka babu gangar jiki, ya karanta ta a matsayin sabuwar buƙata, muddin na'urar gaba ita ma ba ta ƙi saƙon ba. A nan sassauci har maɓalli aka yi masa.

Misali na uku, na HAProxy, mai lamba CVE-2021-40346, wanda masu bincike na kamfanin JFrog suka bayyana cikin Satumba 2021, ya cancanci a tsaya a kansa, domin a zahiri kamar yana rushe ra'ayin wannan takarda. HAProxy yakan ajiye tsawon sunan kanu a gurbi mai bit 8, wanda ba ya ɗaukar lambar da ta wuce 255, kuma ba a sa abin da zai duba wannan iyaka ba. Idan aka aiko da suna mai harafi 270, sai gurbin ya cika ya tumbatsa: 270 a cire 256 saura 14, rarar kuma ta faɗa gurbin tsawon ƙima ta mai da shi 1. Sunan Content-Length kuwa harafi 14 ne cif. Saboda haka dogon suna wanda ya soma da waɗannan haruffa 14, lambar 0 na biye da su, a karatun farko baƙon kanu ne, amma lokacin da HAProxy ya zo sake rubuta saƙon don na'urar baya sai ya zama kanun tsawo mai ƙima 0, aka yar da na gaskiya. Na'urar baya ta ɗauki gangar jiki a matsayin buƙata ta biyu wadda ba a tace ba.

Mai suka zai ce wannan kuskuren lissafi ne tsantsa, babu ruwan Postel. Gaskiya ne, kuskuren lissafi ne. Amma a tambaya: me ya sa kuskuren lissafi a tsawon suna ya zama ƙetare shingen tsaro? Dalili shi ne a HTTP/1.1 iyakar saƙo tana zaune cikin kanu, a jere da sauran layuka waɗanda baƙo yake rubutawa yadda ya so, kuma kowane zango sai an sake karanta ta. Masu karatu biyu a wannan misali suna cikin manhaja ɗaya ne. Maganin da aka yi kuwa shi ne ƙin sunan da ya wuce iyaka, watau tsanantawa.

Misali na huɗu shi ne na Kestrel, sabar ASP.NET Core ta kamfanin Microsoft, mai lamba CVE-2025-55315, wanda aka yi wa faci cikin Oktoba 2025, kamfanin ya kuma ba shi maki 9.9 cikin 10 a ma'aunin haɗari. Matsalar tana wajen gane ƙarshen layukan da ke raba gunduwoyi. Nassi ya yarda da sassauci a ƙarshen layin kanu, bai yarda da shi a layin gunduwa ba, amma hannun da ya saba da sassauci a ɗaki ɗaya ba ya barinsa a bakin ƙofar ɗaki na biyu.

6.0 HUJJOJIN MASU KARE SASSAUCI

Hujja ta farko ita ce ta tarihi: ba don sassauci ba da intanet bai yaɗu ba. Wannan takarda ba ta musun haka. Amma abin da ya raini yaro ba lalle ne ya dace da shi ba bayan ya girma. Eric Allman, wanda ya rubuta manhajar Sendmail, ya yi kira a sake duba shawarar Postel tun cikin 2011. A Yuni 2023 kuma Martin Thomson da David Schinazi suka fitar da RFC 9413, inda suka nuna cewa haƙuri da kuskure yakan sa kuskuren ya kafu har ya zama dole kowa ya kwaikwaye shi, kuma abin da ya fi shi ne a riƙa gyara ƙa'ida da manhaja a kai a kai.

Hujja ta biyu ita ce ta kasuwa, kuma ta fi ta farko nauyi. Kamfanin da ya tsananta, tsofaffin na'urorin abokan cinikinsa suka daina aiki, shi za a zarga, a koma wurin wanda ya fi shi sassauci. Asarar tsanantawa nan take ake ganinta, kuma a kan mai manhaja take faɗawa. Asarar sassauci kuwa a ɓoye take, kuma a kan mutumin da aka sace wa shaidar shiga take faɗawa, wanda ba a yi shawara da shi ba. To, wannan hujja ita ce ma ta nuna dalilin da ya sa bai kamata nassi ya bar abin a ganin dama ba. Abin da ɗaya ba zai iya yi shi kaɗai ba don tsoron abokan gasa, doka ce take sa kowa ya yi shi tare.

Hujja ta uku ita ce HTTP/2, wadda ta fito a RFC 7540 cikin Mayu 2015, ta riga ta warware matsalar, tun da a cikinta kowane yankin saƙo yana ɗauke da tsawonsa a wuri ƙayyadadde, ba a cikin kanu ba. A ƙirarta haka ne. Amma a 2021 Kettle ya nuna cewa shafuka da yawa suna magana da baƙi da HTTP/2, sa'an nan na'urar gaba ta fassara buƙatar zuwa HTTP/1.1 kafin ta miƙa baya. A wajen wannan fassara ne kanun tsawo na ƙarya, ko alamomin ƙarshen layi da aka cusa cikin ƙima, suke farfaɗowa. Netflix da na'urar raba kaya ta Amazon suna cikin waɗanda ya samu da wannan rauni a lokacin. Wannan ne ya kai shi ga kiran da ya yi a Agusta 2025, cewa a daina amfani da HTTP/1.1 tsakanin na'urar gaba da ta baya gaba ɗaya.

7.0 KAMMALAWA

Daga abin da ya gabata za a iya fitar da hukunci uku. Na ɗaya, ga masu tsara ƙa'ida: duk abin da ya shafi iyakar saƙo bai kamata a bar shi a ganin dama ko a nasiha ba. Saƙon da ya faɗi tsawonsa ta hanya biyu, ko wanda layin kanunsa ya karkace, wajibi ne a ƙi shi a kuma rufe hanyar, kuma RFC 9112 ya tsaya a rabin wannan tafiya. Na biyu, ga masu rubuta manhaja: tsanantawa ita ce ya kamata manhaja ta zo da ita, wanda yake son sassauci shi ya kunna da hannunsa, ya san abin da ya ɗauka. Na uku, ga masu gudanar da shafuka: a gwada na'urar gaba da ta baya tare a matsayin abu ɗaya, domin shaidar lafiyar kowacce ita kaɗai ba ta isa ba, kuma inda hali ya yi a bar HTTP/2 ta zarce har na'urar baya ba tare da fassara ba.

Akwai kuma abin da ya shafe mu a matsayin masu koyarwa. Har yanzu akan koya wa ɗalibai shawarar Postel a matsayin ƙa'idar da ba ta da togiya, a ajin sadarwa, sa'an nan a koya musu fasa-ƙwaurin buƙata a ajin tsaro, kamar abubuwan biyu ba su san juna ba. Ya kamata a haɗa su a darasi ɗaya, a ba ɗalibi sashe na 4.4 na RFC 2616 da takwarorinsa na 2014 da 2022 ya karanta su kalma-kalma, ya nemo da kansa inda masu karatu biyu za su iya rabuwa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma ɗalibin da ya koyi ƙin saƙo mai harshen damo tun yana aji, shi ne ba zai rubuta mana manhajar da za a ba sabuwar lamba ba.